Na Je Mayahi Neman Shawara Tsakanin Dakar da Yamai

Ana sallame sallar asuba muka bar Tasawa a kan moto, ni da wani abokina. Ni likita ne, kuma makarantu biyu sun karɓe ni karatun ƙwarewa kan ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya, ɗaya a Dakar, ɗaya a Yamai. Shekara huɗu ce. Na kasa zaɓa, sai na ce bari in je Mayahi wurin wani yayanmu a lakwal, wato makaranta, wanda ya gama irin karatun a waje.

Hanyar ta jiƙe da ruwan jiya. Sau biyu muna sauka mu tura moto, masu amalanken jaki suna wuce mu suna yi mana sannu. Esansin da muka zuba wa moto a bakin hanya kuwa, abokina ya rantse rabinsa ruwa ne. Muka karya da koko da ƙosai a wani ƙauye, muka ci gaba.

A gona muka same shi, yana noman hatsi. Tun da ya dawo yake jiran a tura shi wurin aiki, takardarsa tana kwance a wani biro na gwamnati. Muna isa gidansa muka tarar an kawo wani dattijo, ɓarin jikinsa ya shanye. Yayan namu ya duba shi a kan tabarma, ya faɗa mini daidai inda ciwon yake a cikin kai. Ya ce a kai shi Maraɗi a yi mishi skana, wato hoton cikin kai. Matar dattijon ta ce, "Likita, in mun tafi, wa zai yi mana noma?" Suka mai da shi gida.

Muna cin tuwo na yi tambayata.

"Yaya, wacce zan ɗauka?"

"A Dakar za ka ga na'urori, ƙanena, ka dawo kana mafarkinsu. A Yamai za ka saba da rashi tun da wuri. Ka zaɓi wanda zuciyarka za ta iya ɗauka."

Na ture kwanon tuwon, muka yi mishi sallama.

La'asar sakaliya muka iso Tasawa. Na tafi neman makarantar da ta fi, na dawo da sanin cewa ciwon ba a makaranta yake ba. Washegari na cika takardar Yamai, ba don ina so ba.