Kuncin Hagu, Kuncin Dama

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi, malamin firamare a Nasarawa Burkullu. Ni da ba a raba ni da barkwanci ko a zaman makoki, duk ranar nan ta zagayo sai bakina ya yi nauyi.

Sanusi ya sha fama da ƙurajen fuska har ya girma. Nakan ce in kwarkwata ta hau kumatunsa, sai ta nemi ɗan jagora. Da aka zo gwajin wani sabon man shafawa a wani asibiti a Gummi, ya ba da sunansa. Aka ba shi kwalba biyu iri ɗaya, ta kuncin dama da ta kuncin hagu. Ɗaya magani ce, ɗaya mai ne kawai, kuma ko ma'aikaciyar jinyar da ta miƙa masa ba ta san wacce ce wacce ba. Bayan sallar asuba yake shafawa, don kada alwala ta wanke.

Kafin wata biyu hagu ta yi sumul, dama kuwa tana nan kamar hanyar garinmu da damina. Na laƙaba masa Rabi-da-Rabi, sunan ya bi gari. Da na ga abin yana cinsa, na ja shi gefe.

"Kai, shahwa ta hagun ko'ina mana. Wa zai sani?"

"Yaya, in na yi haka, huskata ta gyaru, takardarsu ta yi ƙarya. Wanda za a ba maganin gobe fa?"

Haka ya yi ta shiga aji da rabin fuska har aka kammala. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin sakamako ya fito.

Yau a kasuwar Gummi man gyaran fata ya fi tumatir yawa, ba wanda ya san inda aka gwada shi. Da Sanusi na nan, na san kwalbar zai juya, ya tambayi mai tebur: a kuncin wa aka gwada?

Watan jiya na kai hotonsa Anka a ƙara masa girma, don Inna. Mai hoto ya ce zai goge ƙurajen daman kyauta. Na ce ya bar su. Wannan kuncin ne shaidarsa.

Allah Ya jiƙanka, Rabi-da-Rabi. A wurin riƙon amana, cikakke ne kai.