Barewar Inna

Ƙarfe bakwai na safe ne, wata Talata cikin kaka, mu huɗu muna tsaye a ƙofar gidanmu: ni, da Maigari, da Sarkin baka, wato shugaban mafarautan garin, da mahaifiyata. Ta biyar ɗinmu barewa ce, tana bayan Inna tana lasar dusa a bakin turmi, da jan tsumma ɗaure a wuyanta. Na yi aikin gardin daji har na tsufa, abubuwa da yawa sun shige mini, amma wannan safiya da abin da ya biyo bayanta ba zan manta da su ba har in koma ga Allah.

Bari in ɗauko daga farko, don ni ba na son labari mai tsalle-tsalle. Garinmu ƙauye ne a bakin fadama, tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, bareyi sun yi mana yawa, kuma na san dalilin. Da fari likitocin dabbobi sun sa wa kuraye guba saboda kukan makiyaya, kuraye suka ƙare. Bayan haka gwamnati ta hana farauta sai da izini, mu ne ma aka ɗauka don tsare wannan doka. Sannan aka gina mana rijiyar siminti mai kwamin shayar da dabbobi, ruwa na kwance a ciki dare da rana. Bareyi suka hayayyafa, babu mai cinsu, babu mai korarsu.

Duk da haka, da a bakin daji suke tsayawa. Abin da ya shigo da su gari shi ne barewar Inna. Ta tsince ta tana 'yar jaririya a gindin sabara, ta je itace, ta kawo ta gida a cikin zane, ta shayar da ita nonon akuya. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba a lokacin, ƙannena mata duk sun yi aure, ni kuma kullum ina yawon aiki. Barewar nan ita ce abokiyar hirarta. Ta ɗaura mata jan tsumma, domin a al'adarmu naman daji mai ɗauri a wuya yana da mai shi. Babu maharbin da zai ɗana masa kibiya sai in mai shi ya kwance da hannunsa. Suna cewa wanda ya karya wannan, bakansa ba zai ƙara kawo nama ba.

Da ta girma sai ta riƙa fita daji da rana tana haɗuwa da 'yan uwanta. In ta juyo gida, su biyo ta. Tun suna tsayawa bayan rumbuna, har suka saba da haushin kare da muryar mutum. A kakar da nake ba ku labari, gero ya shiga rumbu, saura wake da gyaɗa a gona, sai bareyi suka faɗa musu. Suka cinye lambun makaranta. Suka cinye tsiron dogon yaro da muka dasa a bakin hanya, wanda ni da kaina na yi wa shinge. Masu gonakin bakin gari, galibinsu tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, su suka fi shan wahala.

Maigari ya kai kuka Dogon Dutsi, inda ofishinmu yake. Shugaban ofishinmu ya kira ni ya ba ni izinin farauta na yini ɗaya, ranar da ke bin kasuwar Kore Mairuwa. Ya ce a rage garken, a bar masu ciki da ƙanana, amma wadda take jawo su gari, ita za a fara kashewa. Bai san ta mahaifiyata ba ce, ni kuma ban ga dalilin faɗa masa ba. Umarni bai canzawa don ya faɗo a gidan gardi.

Shi ya kawo mu ƙofar gida a wannan safiya. Na gai da Inna a durƙushe kamar kullum, sannan na miƙe na faɗi abin da aka aiko ni da shi, ban rage komai ba. Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Tun da na sa kaki take ce mini Gardi.

"To, Gardi," in ji ta, "ga ka da bindigar gwamnati. Mi ya hana ka harbe ta tun jiya?"

Na ce, "Inna, tana da ɗauri."

"Ashe gwamnati ta san tsumma."

Sarkin baka taubashinta ne, tun suna yara suke tsokanar juna. Ya yi dariya ya ce, "Ke tsohuwa, kowa na kiwon akuya ya sha nono, ke kin tahi kina kiwon ɓarauniya. Wagga ɗiya taki ta cinye mini wake har da kara."

"Waken naka da ko jaki bai kallo? Ta yi maka noma ne."

Maigari bai yi dariya ba. Ya ce, "Iya, ba don waken wanga mutum muka zo ba. Maƙwabciyarki mai marayu uku, jiya na zaga gonarta. Babu abin da za ta roro."

Inna ta san gaskiya ne. Ta ce za ta ɗaure ta a gida. Na tuna mata cewa mun gwada da damina: ta ƙi cin abinci, igiya ta yanke mata ƙafa, mazajen bareyi kuma suka riƙa zuwa har jikin darni. Ta ce to a kashe na dajin a bar tata. Sarkin baka ya daina wasa, ya ce, "Ko mun kashe rabinsu, baɗi ta kawo wasu. Ita ba ta tsoron mutum, shi ya sa su ma suka bari."

Inna ta juya ta dubi barewar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce, "In tsoro ne babu, sai a koya mata. Ku ba ni daga yau zuwa kasuwa. In ranar farauta ta zo ta iske ta cikin gari, ku harbe ta gabana."

Na ce, "Da tsumman ko babu?"

"Ni na ɗaura, ni za ni kwance. Kai dai ka zo gobe da bindigarka."

Washegari da hantsi muka fita mu uku, Inna a gaba, barewa na bin ta ba igiya, ni da Sarkin baka a baya. Muka ƙetare fadama, muka wuce rugar Fulani, muka hau tudun yashi inda garken ke kwana. Inna tana tafe tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da take cewa ba, ban kuma matsa kusa ba. A kan tudun ta tsuguna ta kwance tsumman. Ya daɗe a wurin har gashi ya goge, ya bar zobe fari a wuyan.

Ta ɗauki hoge ta jefe ta. Barewa ta yi tsalle gefe, ta dawo tana shinshinar zanenta, ta ɗauka wasa ne. Ta sake jifa, ta sake dawowa. Sai Inna ta karɓi sandar Sarkin baka ta maka mata a gadon baya, duka na gaske, har na ji ƙararsa a ƙirjina. Barewa ta ja da baya ta tsaya tana kallonta. Inna ta ce, "Gardi, harba sama." Na harba. Ta zabura ta shige cikin sabara.

A hanyar dawowa Sarkin baka ya so ya yi tsokana, ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya fasa.

Ba a nan ta ƙare ba. Kashegari da la'asar sai ga barewar a bakin turmi. Ina tsakar gida ina gyaran sirdin dokina, na ga Inna ta ɗauki taɓarya ta bi ta har bayan rumbuna, tana kiran yaran unguwa su sako karnuka. Matar da ba ta yarda kowa ya ɗaga wa dabbar nan murya, ita ce take cewa a jefe ta. Ta hana a zubar da dusa ko ƙaiƙayi a ƙofar gida. Ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana roƙon duk wanda ya gan ta ya kore ta da mugun kora. Ni kuma na sa aka riƙa kwashe ruwan kwami in dabbobin gari sun gama sha, aka kewaye rijiyar da ƙaya. Barewar ta ƙara dawowa sau ɗaya, amma iyakarta bakin gonaki. Inna ta fita da gwangwani tana bugawa har ta juya. A kwanakin nan tuwon da ake kai wa Inna yakan dawo kusan yadda aka kai shi.

Ranar farauta na tara maharba na faɗa musu tsari: a fara daga gefen gari a kora zuwa daji, a nemi mazaje, kada a taɓa mai ciki, kada a taɓa ƙarama, in na busa usur a tsaya. Wani saurayi ya ce, "To ta Iya fa, yanzu da mi za mu gane ta?" Sarkin baka ya ce, "Ba ku gane ta. Barewa ce kamar kowace." Gaskiya ya faɗa. In tana cikin waɗanda suka tsaya kallon mutum, za ta mutu, in ta gudu da wuri, ta tsira. Babu abin da ni ko shi za mu iya yi mata.

Kafin la'asar na busa usur. Aka jera abin da aka samu a ƙofar Maigari, yawanci mazaje, amma akwai mata a ciki, don kibiya ba kullum take zuwa inda aka nufa ba. Ana shirin fiɗa sai ga Inna ta taho da mayafinta. Mutane suka buɗa mata. Ba ta gai da kowa ba. Ta tsuguna gaban ta farko a cikin matan bareyin, ta ɗaga kanta, ta shafa wuyan tana neman zoben nan. Ta ajiye, ta matsa ga ta gaba. Haka ta bi su duka, ni ina bayanta, hulata a hannu. Da ta ajiye kan ta ƙarshe, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta karkaɗe zanenta.

"Ta ji tsoro," in ji ta. "Alhamdu lillahi. Ku raba namanku, ku fara da mai marayu."

Daga wannan kaka garken ya koma bayan tudu, wake ya riƙa kaiwa rumbu. Makiyaya sukan ce sun ga mai farin wuya a can wajen, Inna ta ce, "To," ba ta ƙara tambaya. Ba ta sake ganinta ba, ba ta kuma nema ba.

Abin da na koya shi ne, tsoron mutum shi ne ke raya naman daji. Wanda ya cire masa shi, ko da ƙauna ya yi, ya jawo masa kibiya, ya jawo wa maƙwabcinsa yunwa. Yau bareyi sun yi ƙaranci a Arewa, jikokina a hoto suka san su, don haka 'yan kaɗan da suka rage sun fi bukatar wannan. Ina roƙon duk wanda ya karanta: in naman daji ya matso gidanka, kada ka miƙa masa abinci, kada ka bar yaranka su saba da shi. Ka kore shi tun ranar farko, ka kuma gaya wa maƙwabcinka ya yi haka.