Wani Dattijon Dillali

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a karatun aikin jarida, kawuna ya daina fito da kwanon tuwonsa ƙofar gida. Dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobin Potiskum, kuma tun kafin a haife ni suke cin abinci a tabarma ɗaya da maƙwabcinsa. Ɗan maƙwabcin nan wakilin wani gidan rediyo ne. Kawu ya rantse fataken Kano ne suka saye yaron don ya ce cuta ta shigo kara, farashi ya faɗi, su kwashi shanu a banza.

Ni ma na yarda. Yaron ya yi sabon babur, ai biri ya yi kama da mutum. Na ce to ga abin da zan rubuta kundina a kai, in kama ɓarawo in kuma ci maki.

Malamina ya ce zargi ba hujja ba ne. In labari ne ke karya farashi, dole labarin ya riga zuwa. Na dinga naɗar rahotannin yaron, ina ware na cuta daban, na farashi daban, ina lura da lokacin fitar kowanne. Duk Laraba, ranar kasuwa, kuma ina zuwa kara ina tambayar dillalai, har suka fara yi min kallon ɗan haraji.

Abin da na gano bai yi min daɗi ba. Farashi yakan faɗi tun da hantsi, rahoto ya biyo baya da yamma. Kuma kusan kowane rahoto yana ambaton "wani dattijon dillali" mai cewa kasuwa ta mutu, sallarta kawai ta rage. Na san mai wannan magana. Kawu ne, a teburin mai shayi yake yin ta duk ranar kasuwa. Yaron kunya ce ta hana shi kama sunan abokin babansa a rediyo.

Da na faɗa wa kawu, sai ya ce, "Kai kuma nawa suka ba ka?"

Amma washegari bayan magariba kwano ya fito.

Har yau in zargi ya taso min, sai na fara tambayar wanne ya riga wanne, kuma ina jin kunyar kallon da na yi wa babur ɗin nan. Shi kuwa kawu bai gama sakin jiki ba. Da yaron ya durƙusa gaishe su a daren, sai kawu ya cika bakinsa da tuwo don kada ya amsa.