Kwanon injin da bai sha kore ba

Shekarun baya, ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, abokin mijina ya yi sallama. Bai shigo ba, bai kuma tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce a kira masa surukata. Tun daga nan jikina ya ba ni. Motar da ta ɗauko maigidana daga Damagaram ce ta faɗi kafin ta iso Magariya, Allah ya karɓi abinsa nan take.

Fenti ya je saye.

Shi mai walda ne, ni kuma ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ya gaji da ganin ina ɗaukar gyaɗa a ka zuwa wata unguwa niƙa, sai ya ce zai haɗa mini injina kafin kaka. Ya samo tsohon inji, ya kankare tsatsar jikinsa, ya shafa jan antiruyi mai hana tsatsa, ya bi da kore, don ni na zaɓi kore. Saura kwanon da ake zuba gyaɗa, wanda ya yi da sabon farin ƙarfe mai sheƙi. Nan ya tsaya.

Na ce, "Malam, ga fenti ya rage, ka ƙarasa mana."

Ya ce, "Hajiyar ƙuli, wannan ƙarfen santsi gare shi, ko jan nan ba ya kama shi. Akwai wani mai ruwa-ruwa da ake fara shafawa a bayansa, shi ke cin fuskar ƙarfen, sannan fenti ya zauna. In ba haka ba, damina ɗaya zai saɓule kamar ɓawon soyayyar gyaɗarki."

"Ai gyaɗar ba ta san kore ba."

Ya yi dariya. "Ita ba ta sani ba. Amma matata ba za ta yi niƙa da inji mai ƙazuwa ba."

Na yi ta mita, ni sarkin gaggawa. Ya duba kasuwar Magariya babu, shi ya sa ya tafi Damagaram nemansa.

Bayan sadakar bakwai jandarma suka miƙa wa abokin nan jakar maigidana. Hularsa ce a ciki, da ƙaramin gwangwani na mai ruwa-ruwan nan. Ya loɓa ta gefe ɗaya, amma bai fashe ba.

Da na fita takaba, abokin ya ɗora kwanon, ya tayar da injin. Da shi nake ciyar da yara har yau. Ya ce, "Uwargida, kawo gwangwanin in ƙarasa masa, ai ba wani aiki ba ne."

Na ce sai gobe. Ya dube ni, bai sake tambaya ba.

A da ina ganin taurin kai ne kawai. Yanzu na gane haka yake komai nasa, abin da zai kwanta a ƙasa, wanda ido ba zai gani ba, shi ya fi ba wa hankali. Masu kawo niƙa kan tambaya me ya sa injin kore ne kansa fari. Nakan ce haka mai shi ya bar shi.

Gwangwanin yana cikin ɗakina, ban buɗe ba. Kwanon kuma har yau ba a shafa masa komai ba.