Goggo Mai Sauke Labule

Goggona, ƙanwar babanmu, ta yi shekara goma sha takwas tana ɗinkin labule kafin ta taɓa riƙe kyamara. Mijinta ne mai hoto. Yana da ɗan shago mai fitilu biyu masu dogayen ƙafafu, da bango da aka zana wa teku. Wata rana ciwon baya ya kwantar da shi, ga shi ya riga ya karɓi aikin wani biki. Sai ya nuna mata inda ake dannawa, ya ce ta je ta rufa masa asiri. Hotunan da ta dawo da su suka fi nasa kyau. Kwana biyu yana cin magani, a na uku ya miƙa mata jakar kyamarar gaba ɗaya.

Ita dai ta ce babu wani sirri. Duk wanda ya daɗe yana auna tagogin mutane ya san wadda rana ke shigowa da safe, ya san wadda sai la'asar take leƙowa. Shi ya sa duk bikin da za ta ɗauka, ana jibi take zuwa gidan. In an gaisa ta sha ruwa, sai ta shiga bin ɗakuna kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗi. Takan miƙa tafin hannu tana juyawa, tana duba yadda haske ke kwanciya a kai. In wata taga ta yi mata, sai ta taka kujera ta sauke labulen, ko da kuwa ita ta ɗinka shi.

Aikin da ta fi son ba mu labarinsa shi ne auren 'yar wata tsohuwar malamar makaranta. Angon dogo ne, baƙi wuluk, amaryar kuma gajeriya ce, fara. Tun ranar farko angon ya ja Goggo gefe ya roƙe ta kada ta wahalar da kanta a kansa, don tun da yake bai taɓa fitowa a hoto ba, sai dai a ga haƙora da hula.

Malama, uwar amarya, ta riga ta yanke cewa a falo za a yi hoton, don ta sa sababbin kujeru. Goggo ta dubi koren fentin bangon da ƙwan fitila mai rawaya, ta ce duk wanda ya tsaya nan zai fito kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Ta zagaya bayan gida, ta samu wani lungu tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, inda farar katangar maƙwabta ke maido da hasken yamma a hankali. Ta zauna a kan bokiti tana duba agogo, har ta tabbatar biyar saura kwata ne lokacin.

"Baiwar Allah, 'yar tawa za ki kai wurin wanki ranar aurenta?" in ji Malama.

Goggo ta ce za a yi na falo, a yi na lungu, Malama ta zaɓa da kanta.

Ranar biki mai kwalliya ta riƙe amarya har biyar da minti goma. Kafin a fito, rana ta sauka daga katangar, lungun ya dushe. Goggo ba ta tsaya faɗa ba. Ta aika aka ciro farin zanen gado, ta ba ƙannen Malama biyu, manyan mata da gwala-gwalansu, ta tsayar da su a ɗan wurin da rana ta rage, suna karkata zanen har hasken ya faɗa fuskar ango. Amarya kuma aka ɗora ta a kan bulo, rigarta ta rufe shi.

Saura ango, wanda ya sandare kamar an zo yi masa allura. Goggo ta sauke kyamara ta tambaye shi maganar farko da amarya ta taɓa yi masa. Amaryar ce ta riga shi amsawa: a ajin koyon kwamfuta ne, ta ce masa ya rage tsawo, ya tare mata allo. Suka tuntsire da dariya, har masu riƙon zanen, Goggo kuwa ta danna sau huɗu.

Da aka wanko hotunan, ango ya daɗe yana kallon nasa. Can ya ce, "Goggo, ashe ina da gira."

Na lungun Malama ta sa aka ƙara wa girma ta rataye a falo. In baƙi suka tambayi inda aka ɗauka, sai ta ce wani wuri ne na musamman, ta canja zance.

Yanzu Goggo ta haura sittin, gwiwa ta hana ta hawa kujera, biki ɗaya take karɓa a wata. Bara aka yi mata aikin ido. Da likita ya cire bandeji ya tambaye ta me take gani, ta ƙare masa kallo, ta ce tana ganin komai tas, kuma gara ya daina taje gashinsa ta gefen hagu, don bai yi masa kyau ba. Sati uku bayan nan ta koma aiki.