Oba-oba da Igiyar Juma'a

Akwai wani mutum da na tsare a bakin igiya wata ranar Juma'a. Maciji ne ya sare shi, kuma har yau ban san ko ya rayu ba. Ban san sunansa ba, fuskarsa ma ban kalla da kyau ba, don idona a lokacin yana kan oba-obar da ke hannuna.

A waɗancan shekarun ina da ɗan shagon gyaran rediyo da fanka a unguwar Gwallaga, kuma ina cikin 'yan agajin wani masallacin Juma'a da ba sai na faɗi sunansa ba. Aikinmu ba wani abin a zo a gani ba ne. In rana ta take mu ɗaura igiya a gabas da yamma mu tare titi, don in masallaci ya cika mutane su samu inda za su shimfiɗa darduma. Shekara da shekaru da baki da hannu muke yin sa, lafiya lau. Sai Kwamandanmu ya je wani taro ya ga jami'an tsaro suna magana a oba-oba, wayar hannun nan mai eriya da ake dannawa a yi magana, a saki a saurara. Shi ke nan, muka shiga uku, ya dawo ya ce mu ma ba za mu ƙara aiki kamar 'yan ƙauye ba.

Kwamandan nan baffana ne, ƙanen mahaifina, mai sayar da bokitai da robobi. Tun ina yaro ban taɓa ganin ya bar wani ya kai ƙarshen zance ba. In ya tambaye ka abu, kafin ka buɗe baki ya ba kansa amsa, ya kuma yi maka faɗa a kan amsar. To wai wannan mutumin ne yake son na'urar da rabin aikinta saurare ne.

Wani mai hali ya ce zai saya mana guda uku na gwanjo. Da yake ni ne mai gyara, ni aka tura wurin wani tsohon soja da ke da rumfa kusa da barikin Shadawanka. Ba Bahaushe ba ne, Hausar bariki yake yi, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, amma wallahi ban taɓa samun malamin da ya fi shi iya taƙaita karatu ba. Ya ɗora babban yatsana a kan madannin da ke gefe ya ce, “Wannan abu ba ya son dogon magana. Ka danna, ka jira kaɗan, ka faɗi, ka ce oba, ka cire hannu. Oba yana nufin na gama, kai nake ji. Idan hannu yana nan, kunne ya mutu.” Ya sa na maimaita sau uku kamar ɗan makaranta.

Sauran ya nuna mini da hannu. Kada a ɗaga ta ta eriya. Kada a bar ta a rana a kan tankin mashin. Kada a manna ta a baki ana ihu, a ba ta tazarar yatsu huɗu. In an sa caji, da fitilar ta yi kore a cire. 'Yan ƙarafan da batir ke taɓawa a riƙa goge su da auduga, don gumi na cin su. Duk ukun kuma su zauna a lamba ɗaya, in ba haka ba kowa zai yi ta magana da iska.

Na riƙe su kamar jarirai. Na samu gwangwanin biskit na shimfiɗa tsohon tawul a ciki, nan suke kwana a shagona. Ranar Alhamis in goge su in sa caji, in an ɗauke wuta in kai su wurin mai cajin waya in zauna a kansu har su cika. Kuma ni ma ba waliyyi ba ne, gara in faɗa da bakina. Ranar Juma'a in na rataya tawa a ɗamara, sai na bi ta gaban mai shayi ko da ba hanyata ba ce, in ƙara murya don ta yi shuuu mutane su waiwayo. Ni da aka sani da ƙaurin dalma da matattun rediyoyi, sai ga shi ana matsa mini a hanya. Abin ya yi mini daɗi, ba kaɗan ba.

Aka raba: ɗaya a hannun Baffa a ƙofar masallaci, ɗaya a igiyar yamma wurin wani tela, ɗaya a igiyar gabas wurina. Na koya wa Baffa yadda aka koya mini, ko in ce na fara koya masa, don ina cewa “ka danna” ya fizge ya ce ai ya gane, shi ba yaro ba ne.

Ya gane ina! Shi a wurinsa “oba” ado ne na magana, kamar yadda wasu ke cewa “ka gane ko” a tsakiyar zance. Sai ya danna ya kama: “Salamu alaikum, oba. Ina wuni, oba. Ya aiki, ya gida, ya yara, oba oba. Ya mai jiki? To madalla, madalla.” Madalla da me? Bai ji komai ba, yatsa na nan daram a kan madanni. Amma da yake a gaisuwarmu ba lalle sai an saurari amsa ba, shi bai taɓa lura cewa ba a amsa masa ba. Ni da tela mu ji “oba” mu danna mu yi ta “lafiya lau, ranka ya daɗe” cikin iska, shi kuwa ya wuce ga lissafa mana abin da muka sani tun kafin ya zama kwamanda. Ya ɗaga ta ta eriya yana nuna mutane da ita, ya soshe ƙeya da ita, batirinsa kuma kullum shi ne na farko wajen mutuwa.

Na sha yi masa bayani a gida, cikin ladabi. In ce, “Baffa, in ka ce oba sai ka saki, in ba ka saki ba ba za ka ji mu ba.” Ya ce, “To me za ku gaya mini da ban sani ba?”

Sannan ya kafa doka. Tunda yanzu akwai na'ura, ba wanda zai ƙara kwance igiya da ra'ayinsa, sai ya kira Kwamanda a oba-oba an ba shi izini. Muka ɗauka wasa ne, har ranar da tela ya sauke igiya wa motar wani abokinsa. A gaban jama'a Baffa ya karɓe oba-obarsa ya ba wani, shi kuma ya mayar da shi gadin takalma a bakin ƙofa. Mutum mai mata da 'ya'ya, tsugune a kan silifas ɗin mutane, 'yan uwansa teloli na wucewa suna yi masa sannu da aiki. Na kalle shi na rantse a raina ba za a taɓa yi mini haka ba.

Juma'ar da nake magana, an ce wani babban baƙo zai yi salla a masallacinmu. Baffa ya sha guga, ya sa farar safar hannu a wannan zafin. Na ɗaura igiyata, mutane suka fara shimfiɗa darduma a titi, amma gefe ɗaya akwai sauran fili, wanda keke mai ƙafa uku zai iya bi a hankali ya fita ta yamma. Na san filin nan ba ya daɗewa, sahu na cin sa kaɗan-kaɗan.

Sai ga keke ya taho a guje ya ci birki a bakin igiya. A baya wani dattijo ne, Bafulatani, ya rungume wani mutum da aka ɗaure wa ƙafa da ƙyalle a ƙasan gwiwa. Ƙafar ta kumbura tana sheƙi. Mai keken ya ce daga gona suke, can wajen Inkil, maciji ne, asibiti za su, kuma nan ne ya fi kusa, lungunan duk an cushe su da mashina.

Na ce su dakata minti ɗaya. Na ciro oba-oba, na danna, na jira kaɗan kamar yadda aka koya mini, na ce, “Kwamanda, igiyar gabas. Akwai mara lafiya, ina neman izini. Oba.” Na saki.

Abin da na ji muryar Baffa ce, amma ba da ni yake ba. Baƙo ya iso, Baffa ya rusuna yana gaisuwa, ya ƙanƙame oba-oba a hannu, yatsa a kan madanni. Komai ina ji raɗau. “Allah ya ja da ran mai girma! Sannu da zuwa, sannu da hanya. Ya gajiya? Ai mu yaranka ne. Ka ga yanzu aikin namu na zamani ne, duk abin da ya motsa a titin nan a kunnena yake.” A kunnensa! Na sake kira, na sake, na sake. Wanda ke igiyar yamma ya ji ni, ya ɗago hannu daga nesa alamar shi ma ba yadda zai yi.

Dattijon ya sauko daga keke ya zo gabana. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi igiyar, ya dube ni, ya ce, “Ɗana, igiya ce fa.”

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, doka ce, yanzu za a ba da izini.”

Tsakanina da Baffa bai fi taku ɗari biyu ba. Da na ruga da gudu da na isa na dawo. Amma barin wurin aiki shi ma laifi ne, sannan, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni kunya, na ga wai bai dace mutum riƙe da oba-oba ya yi gudu ya kai saƙo da baki ba, za a yi mini dariya. Kwance igiyar kuwa, da na kai hannu sai in hango tela a kan takalma. Sai na tsaya ina danna madanni, ina goge shi da bakin riga kamar laifinsa ne, ina ɗaga eriya sama, ina yin duk abin da mai gyara ke yi in yana son a ga yana ƙoƙari. Baffa kuwa ya kai ga tambayar lafiyar iyalin direban baƙo.

Mutumin da ke cikin keke bai yi ihu ba, nishi kawai yake, yana kiran sunan Allah. Ina kallo wani ya shimfiɗa darduma a filin da ya rage, wani ya bi shi, wani ya kawo tabarma. Kafin a jima hanya ta toshe gaba ɗaya, ko akuya ba za ta ratsa ba. Mai keken ya yi tsaki, ya gaya mini maganar da ba zan rubuta ba, kuma na cancanta. Dattijon ya koma ya ɗora kan mutumin a cinyarsa. Suka juya suka koma ta inda suka fito, don su zagaya ta babban titi.

Sun ɓace ke nan oba-oba ta yi shiru, Baffa ya saki, ina jin hannunsa ne ya gaji. Ban kira ba. Me zan ce?

Bayan an idar da salla ya zo ya miƙo mini tasa ta eriya, yana fifita da hula. Ya ce, “Kai, abin nan naka ya lalace. Tun da muka fara aiki ban ji ko tarin mutum ɗaya ba. Ka duba shi da kyau kafin Juma'a mai zuwa.” Sannan ya dafa kafaɗata ya ce baƙo ya yaba da tsari, ko mashin bai ratsa ba, kuma ni ne yaron da ya fi kowa bin doka.

Na so in zage shi, wallahi na so. Duk shekarun da na yi ina raina mutumin nan sun dawo mini lokaci ɗaya. Amma shi bai ga ƙafar nan ba, ni na gan ta. Shi kurma ne da yatsansa, ni kuwa kunnena biyu a buɗe, idona biyu a buɗe. Sai na karɓa na ce, “To, Baffa.”

Washegari na je asibiti na yi ta zagaye ina tambayar wanda maciji ya sara daga Inkil. Aka ce sunansa fa? Na ce ban sani ba. Aka ce to wane ne shi a wurinka? Na ce ba ɗan uwana ba ne. Ba ma lalle nan suka kai shi ba. Na dawo shago na buɗe gwangwanin biskit, ga su nan su uku a kan tawul, tawa ba wanda ya karɓe ta. Ban yi gadin takalma ba, ko na yini ɗaya.

Abin da ya kasa barina shi ne lokacin da na je kwance igiyar bayan sallar nan. Ni na ɗaura ta da hannuna, ɗaurin zarge na yi mata don kada ta ba ni wahala wajen tashi. Da yatsu biyu na kama bakinta, ja ɗaya ta faɗi ƙasa.