Ruwan Ranar Talata

Har gobe ban manta ranar da shugaban manoman layinmu ya ƙaryata babana a gaban jama'a ba. Laifin Baba kawai ya ce ruwan madatsar Bakolori ba ya isa gonarsa ta shinkafa, can ƙarshen kanal ta wajen Bakura. Shugaban, wanda tasa gonar ke kusa da ƙofar ruwa, ya kece da dariya ya ce, "Ƙarya kakai, tsoho. Ragwanci na, ba rashin ruwa ba."

Baba ya ɗauki buzunsa ya dawo gida, bai ƙara zuwa taro ba. Ni kuwa na ƙullaci mutumin nan.

Da na zo binciken digirina na biyu a fannin kwamfuta, kanal ɗin na zaɓa, kuma na san ba don son ilimi kaɗai ba ne. Na dasa ƙananan na'urorin auna ruwa daga ƙofa har ƙarshe, kowace da layin waya da ɗan faifan sola, suna turo saƙo zuwa kwamfutata. Na haɗa wata manhaja, na bar ta ta koyi yadda ruwan ke tafiya kullum, don ta yi ƙara in ta ga abin da ya saɓa.

Wata uku ko tari ba ta yi ba, shinkafar Baba kuwa sai ja take. Kamar in wurga kwamfutar cikin kanal.

Sai wata Talata manhajar ta kurma ihu, wai ruwa ya yi yawa a ƙarshen layi. Na hau babur na je. Babu abin da ya fashe, ga Baba tsaye cikin ruwa har ƙauri yana murmushi. Da na bincika, ashe shugaban ya tafi garin Faru ta'aziyya.

Na koma na bi bayanan rana-rana. Duk Talata, da an watse zuwa kasuwar Mafara, ruwa sai ya ja baya a ƙarshen layi. Sakaryar manhajar ta tarar ana satar ruwan tun ranar da na kunna ta, sai ta ɗauka haka duniya take. Ranar gaskiya ce ta ba ta tsoro.

Talatar da ta biyo na roƙi dattawan layi su haƙura da kasuwa. Muka sami shugaban ya naɗe wando, yana jera buhunan yashi a tsakiyar kanal don ruwa ya karkata gonarsa. Wallahi na ji sanyi a raina, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Ya fito jiƙe, ya durƙusa gaban Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Gaskiyarka ta, Baba. Ka yahe mini."

Baba, wanda ke jin motsin ɓera daga bayan rumbu, ya kama kunnensa ya dubi jama'a.

"Mi yac ce? Tsuhwa ta kama ni. Shi ɗaga murya, kamar waccan rana."